Da gaske an taɓa buga kofin Afirka a filin Sani Abacha?

Ɗan Sai Masu Gida:
Assalamu alaikum yayyena. Jiya gardama ta sarƙe a majalisarmu. Wani ya dage cewa Masar ta taɓa buga gasar cin kofin Afirka a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata a nan Kano. Ni tun tasowata Pillars kaɗai na sani a ciki. Waɗanda suka ga zamanin, don Allah ku warware mana.

Baban Hafsa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya ya faɗa maka. A 2000 ne, lokacin da aka ƙwace gasar daga hannun Zimbabuwe aka ba Najeriya da Ghana. Garuruwa huɗu suka karɓi baƙi: Akara, Kumasi, Legas da Kano. Rukunin da aka kawo mana ya haɗa Masar, Senegal, Zambiya da Burkina Faso. Masar kuwa da kofi a hannunta ta zo, ita ta ɗauka a 1998.

Wasan da ba na mantawa shi ne na kusa da kusa da na ƙarshe, Masar da Tunisiya. Da rana tsaka muka shiga layi, ƙurar hunturu ta toshe mana hanci, masu rake da ruwan sanyi sun cika bakin ƙofa. Ɓangaren da na zauna duk Masar ake so, saboda Hossam Hassan. Sai ga bugun fenariti, Tunisiya ta jefa, wasa ya tashi ɗaya da nema. Wani dattijo kusa da ni ya kife rediyonsa a cinya, bai sake cewa uffan ba. Abu ɗaya ya rage mana daɗi, duk wasannin Super Eagles a Legas aka yi su.

Ummu Sadiq:
Baban Hafsa, kar ka tsallake 1999, gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20. A Kano Najeriya ta fitar da Ireland a bugun fenariti. Daga cikin gida muke jiyo ihun gari ranar.

Malamin Ƙwallo:
Akwai ta 'yan ƙasa da shekara 17 ma a 2009. Sifaniya ta buga wasa a nan, Isco da Morata suna yara. Manyan gasa uku ke nan cikin shekara 10. Abin da ke damuna, rabon Kano da irin wannan tun 2009 ɗin. 'Yan kallo muna da su, ko Pillars shaida ce. A gyara ciyawa da fitilu yadda hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ke so, a sake neman wasa.