Maraƙina yana zawo tun da na fara ba shi madarar waken suya

Mai tambaya, daga Rijiyar Zaki: Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Saniyata ta mutu kwana 5 da haihuwa, ta bar min maraƙi. Madara ta yi tsada, sai uwargida ta ce tunda tana yin awara, a riƙa ɗebar masa ruwan waken kafin a zuba ruwan tsami. Da farko ya sha sosai, har yana tsotsar yatsuna. Yau kwana 10 ke nan, zawo yake kamar ruwa, kashi ya daskare masa a wutsiya, idanu sun faɗa. Na ba shi maganin tsutsa, shiru. Ina mafita?

Wani mai kiwo, daga Hotoro: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Ƙila waken bai dahu sosai ba, a ƙara masa wuta.

Likitan dabbobi: Malam, dahuwa tana rage wani abu, amma ba ta raba shi da matsalar ba. Alhaji, ka dakatar da waken yau ɗin nan. Akwai furotin iri biyu a cikinsa, glycinin da beta-conglycinin, waɗanda garkuwar jikin ɗan maraƙi take ɗauka a matsayin abokan gaba. Sai ta far musu a cikin hanji, kamar borin jini dai, 'yan gashin bangon hanjin da ke tsotse abinci su lalace, abin da ya sha ya wuce a banza. Shi ya sa ba a gani a ranar farko, sai jiki ya gane abin tukuna. Kuma tafasa ta gida ba ta kashe su duka. Maraƙin da bai kai mako 3 zuwa 4 ba, cikinsa na nono ne kawai. Nono yana daskarewa a ciki ya narke a hankali, ruwan wake kuwa zarcewa yake. Idanun da suka faɗa su suka fi damuna, ruwan jikinsa ya ƙare. Ka nemi garin gishirin zawo na dabbobi, kada ka haɗa da sukarin shayi, maraƙi ba ya narkar da shi, sai gulukos. In ya daina tsotsa, sai ƙarin ruwa, kuma a gwada kashin, don ƙwayoyin cuta ma suna kawo irin wannan.

Wata Hajiya, daga Kurna: Ni da nonon akuya na raini nawa. Ko ka kama wata Bafillatana ta riƙa kawo maka ɗanyen nono, ka tafasa ya huce. Lita ɗaya ga kowane kilo 10 na nauyinsa a rana, ka raba sau uku.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Likita, ya sha daƙashi, wato nonon farko bayan haihuwa, kafin uwar ta kwanta. To waken ya haramta gare shi ke nan har abada?

Likitan dabbobi: A'a. Bari ya kai wata 2, ya fara tuƙa sosai, sannan ka sa masa dusar awarar kaɗan-kaɗan cikin abinci.