Neman shawara: yadda zan ware takardun watan Maris kaɗai a Ubuntu

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni ke riƙe da kwamfutar wani shagon buga takardu, Ubuntu ce a kanta. Maigida ya ce in tattaro duk abin da muka buga a watan Maris na 2024 in zuba masa a filas, wata makaranta ce ke neman takardun jarabawarta. Folda cikin folda ne, sunaye ba tsari. Na gwada `find`, umarnin neman fayiloli, da zaɓinsa na `-mtime` mai ƙirga kwanaki, sai ga na ƙarshen Fabrairu sun cakuɗu a ciki. Don Allah ba hanyar rubuta kwanan wata kai tsaye?

Mai kula da zaure: Wa alaikumus salam. Akwai, ƙanena. Shiga babbar foldar a Terminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta:

`find . -type f -newermt "2024-03-01" ! -newermt "2024-04-01"`

Na farko yana ɗauko abin da aka taɓa bayan shigowar Maris, alamar `!` kuma tana cire duk wanda ya tsallaka Afrilu. Da gangan na sa 1 ga Afrilu. In ba ka faɗi lokaci ba, `find` ƙarfe 12 na daren da ranar ta fara yake ɗauka. Ka rubuta 31 ga Maris, aikin wannan yinin gaba ɗaya ya faɗi, kuma ba abin da zai gargaɗe ka. Shi `-mtime` awa 24 yake ƙirgawa daga lokacin da ka ba da umarnin, yana watsar da ragowa, har `-mtime +1` sai fayil ya kai awa 48 kafin ya fito. Ga inda Fabrairu ta shigo maka.

Wata 'yar uwa: Malam, kafin ka yi nisa duba kwanakin fayilolin da `ls -l`. In an taɓa kwaso takardun daga wata kwamfuta da `cp`, umarnin kwafa, ba tare da `-p` mai riƙe kwanan asali ba, duk suna ɗauke da ranar da aka kwafe su. Ka ga ɗaruruwa da rana ɗaya, kusan minti ɗaya, to wannan hanyar ba za ta yi maka ba.

Wani ɗan uwa: Wajen kwafewa ƙara wannan a ƙarshen umarnin `find` ɗin:

`-exec cp -p --parents -t /media/sunanka/filas {} +`

Kada ka bar `--parents`, shi ke kwafe kowane fayil cikin foldarsa. A shagon buga takardu ba a rasa "jarabawa.docx" a folda fiye da ɗaya, in suka haɗu wuri guda wasu za su salwanta. Sunaye masu tazara ma ba sa ba shi matsala.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri, sun fito, kwanakin ma daidai ne, Hajiya. Sai dai takardar lissafi ta aji uku ba ta ciki, alhali da hannuna na buga ta a Maris.

Mai kula da zaure: An sake buɗe ta an adana daga baya ke nan, don gyaran ƙarshe kawai wannan kwanan ke riƙewa. Neme ta da suna: `find . -iname "*lissafi*"`. In Ubuntu 22.04 ce ko sama, `stat` da sunan fayil ɗin zai nuna layin Birth, ranar da ta fara zama a faifan. Ka kuma tambayi maigida ko makarantar ta dawo da gyara bayan Maris, don kada ka miƙa musu wadda aka canza.