Kalmar "iƙɗa'i" da ke littafin tarihi: me take nufi, yaya ake faɗinta?

Ɗan Gadarif:
Salamu alaikum malamai. A littafin tarihin sakandare akwai babin النظام الإقطاعي a Turai, wato tsarin iyayen ƙasa masu filaye da manoman da ke ƙarƙashinsu. Wasu na cewa "igta", wasu "iƙɗa'i". Wanne ne daidai, kuma daga ina kalmar ta fito?

Malamin Nahawu, Mai Wurno:
Wa alaikumus salam ɗana. Asalinta ƙaf, ɗa, ain, wato yanka. Aƙɗa'a shi ne ya yankar wa wani, kamar yadda muke cewa sarki ya yanka masa gona. Awonta ɗaya da islam da ikram: hamza mai kisira, ƙaf mai ɗauri, a ja ɗa, a rufe da ain. "Igta" harshen kasuwa ne, don mutanen Sudan na mai da ƙaf g. Ka kiyayi wasali ɗaya: muƙɗi'i mai bayarwa ne, muƙɗa'i wanda aka bai wa. Nan ɗalibai ke yawan faɗuwa.

Malama daga Kasala:
Ƙari kan bayanin Malam, kalmar ta girmi tsarin Turai, aronta masu fassara suka yi. Annabi (SAW) ya yankar wa Zubairu ɗan Awwam fili. Mawardi, malamin fiƙihu da ya rasu a 1058, ya kasa ta biyu: na tamliki, filin ya zama naka, da na istiglali, ka ci harajinsa kawai. Na biyun ne ya yaɗu bayan Buwaihawa, wani gidan sarauta daga Farisa, sun shiga Bagadaza a 945, ana biyan sojoji da shi maimakon albashi. A ƙa'ida ba a gadonsa, sarki na iya ƙwacewa. A Turai kuwa uban ƙasa kan gadar wa ɗansa, shi ke shari'a, manoma kuma ba su da ikon tashi. Cuɗa na Musulunci da na Turai kuskure ne babba, kuma fassarar ce ta jawo shi.

Baba Alhaji, Niyala:
Yaro, ga misali kusa da kai: hakura a Darfur, filin da sarakunan Fur ke bai wa malamai da fadawa da takarda mai hatimi. A Kano ma kafin Turawa hakimi na zaune a birni, jakadansa ke zuwa garuruwan da yake riƙe da su ya karɓo haraji. Wannan ya fi kama da istiglali.

Ɗan Gadarif:
Allah ya saka da alheri. To a jarrabawa in rubuta na Turai kawai?

Malama daga Kasala:
E, in tambayar kan Turai ce. Sai ka ƙara layi ɗaya da ke nuna bambancin.