Wace kalma za mu ba "type" a nazarin kayan dutse?

Mai fassara: Assalamu alaikum malamai. Ina neman Hausar "type" a jerin da François Bordes, mai binciken kufai ɗan Faransa, ya fitar a 1961, wanda ya kasa kayan dutsen mutanen Neanderthal, wasu mutanen zamanin dā da suka ƙare, gida 63. Na rubuta "iri". Ya zauna?

Mai binciken kufai: Wa alaikumus salam. Malam, "iri" ya riga ya yanke hukunci, don iri gadonsa ake yi, kamar na gero. Ra'in Bordes ke nan. Yakan tara aƙalla kayan aiki 100 daga shimfiɗar ƙasa ɗaya, ya fitar da kason kowane gida cikin ɗari, ya zana su a layi mai hawa. Da layukan kudu maso yammacin Faransa suka rabu kashi biyar, sai ya ce ƙabilu daban-daban ne. Rabuwar ce lissafi ya nuna. Ƙabilun kuwa shi ya kawo su.

Malamar ƙididdiga: To a ce "nau'in aiki" mana? A 1966 Lewis da Sally Binford, masu binciken kufai 'yan Amurka, sun bi jerin Bordes ɗin, suka ce bambancin na aiki ne: nan an yi fiɗa, can an kankare fata.

Mai binciken kufai: Malama, ramin ɗaya ne. Ba a sanin aikin dutse sai an duba gogewar bakinsa da madubin ƙara girma. Ga kuma hujjar Harold Dibble ta 1987. Makankari mai baki ɗaya, wato lamba 9 zuwa 11 a jerin Bordes, in ya dakushe aka yi ta ɓantarar bakinsa, sai ya koma mai baki biyu, daga nan mai tsini, lamba 18 zuwa 20. Dutse ɗaya ne yake cinyewa kamar wuƙar mahauci, amma mai ƙirga zai ba shi gida uku, gwargwadon ranar da aka yar da shi. Inda dutse mai kyau ke nesa, wasawa ta fi yawa, kason ya karkace.

Ni "siga" na zaɓa. Abin da ido ya gani kawai take faɗa.

Malamar ƙididdiga: Na yarda, ta fi "siffa", wadda 'yan nahawu suka riƙe. Amma in ana kawo maganar Bordes da bakinsa, a bar masa "iri".

Mai fassara: Madalla. Siga 63 a jeri, iri a bakin Bordes. Allah ya ƙara sani.