Mujallar shataranj (wato chess) da wasannin tebur: ta takarda ko ta waya, wacce ta fi cin kuɗinta?

Abu Sadiq (Jidda):
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Muna da ɗan majalisi da muke yi a istiraha (wurin shaƙatawa) duk daren Juma'a, da wasan karta na balot ne kawai sai keram na allo, yara kuma su ja ludo gefe, toh tunda aka saka shataranj a gasar wasannin kwamfuta ta Esports World Cup a Riyad a 2025 Magnus Carlsen ya cinye, yarona ɗan shekara 13 ya kamu wlh, yanzu har ya jawo yara huɗu suna zama da shi. Ina so in biya masa mujalla ta shekara, na ga New in Chess ta ƙasar Holan wadda ke fitowa sau 8 a shekara, akwai ta takarda akwai ta manhaja. Ta manhajar ta fi araha nesa ba kusa ba in ka haɗa da kuɗin aikowa, amma ni zuciyata na wajen takardar. Wanda ya taɓa gwada ɗaya ya faɗa min gaskiya, bana son in zuba riyal a abin da zai ƙare a kan kwaba yana shan ƙura.

Ɗalibin Madina:
Wa alaikumus salam Baba. Ni dai ta waya nake amfani da ita kuma ban yi nadama ba. A manhajar kana taɓa motsi allon zai motsa da kansa, in marubucin ya shiga wani reshe mai tsawo baka ɓata, ka koma baya ka sake, wanda a takarda sai ka jera 'ya'yan da hannu in ka kuskure guda ɗaya shikenan ka rushe komai. Ga mu ɗalibai kuma ɗaki ƙarami ne, lokacin hutu jakar kilo 23 littattafan karatu sun riga sun cinye ta, ina zan sa mujallu. Kuma ranar da ta fito ranar take shigowa wayarka.

Ummu Hanan (Makka):
Abu Sadiq ka yi haƙuri in sa baki a matsayina na uwa. Abin da ɗan Madina ya ce na jera 'ya'ya da hannu, wanda yake gani matsala, ni a wajena shi ne amfanin. 'Yata da ƙaninta takardar suke buɗewa a tsakar falo, ɗaya na karanta motsi ɗaya na turawa a allo, sai su yi ta gardama wai me yasa bai ci dokin ba, awa guda zasu yi a haka ba wanda ya nemi jawwal, wato waya. Da na basu a tablet kuwa minti goma na leƙa na tarar sun koma YouTube. Yaro ɗan 13 in ka miƙa masa waya da sunan karatu kai ma ka san inda za a ƙare. Kuma tunda kace yara biyar ne, takarda ɗaya zata zagaya su duka, wannan ya ara ya kai gida wancan ya karɓa sati mai zuwa, manhaja kuwa sai dai ka basu lambar sirrinka.

Abu ɗaya zan gargaɗe ka, kar a bar ta a mota. Zafin nan namu yana narkar da gam ɗin bayanta shafuka su fara zubewa, ku kuma a Jidda ga danshin teku yana lanƙwasa takarda.

Ɗan Riyad:
Salam Alhaji. Ni ba ɗan shataranj bane sosai, na fi yin Warhammer (wasan yaƙi da ƙananan sojojin roba a tebur) da wasannin yaƙi na taswira, amma maganar ɗaya ce kuma na daɗe a cikinta, bari in tsawaita kaɗan. Tambayar da ya kamata ka yi kafin ka biya ta waya ita ce, fayil zasu baka ka sauke ya zama naka, ko kuwa ƙofa kawai zasu buɗe maka ka leƙa muddin kana biya? Bambancin babba ne. Dubi Dragon, mujallar wasan tebur na Dungeons & Dragons, tun 1976 ake buga ta, a 2007 aka daina takarda aka maida ta intanet, a 2013 aka tsayar da ita, daga baya aka fito da Dragon+ a manhaja ita ma aka rufe ta a 2022. Wanda ya ajiye tsofaffin na takarda har yau suna hannunsa, yana iya karantawa yana iya sayarwa, wasu fitowar ma masu tarawa na nemansu. Abin da yake cikin manhaja kaɗai kuwa ranar da kamfani ya ga dama ya kashe, ya tafi.

Sannan a ɓangarenmu akwai mujallun da ta waya bata ma iya maye gurbinsu, kamar Strategy & Tactics da ke zuwa da cikakken wasa a ciki, taswira babba da ƙananan kwalaye da zaka ɓalle ka baza a tebur. White Dwarf kuma, mujallar Warhammer, da ake yi tun 1977 hotunan fentin sojojin nake so, a shafi babba kana ganin yadda aka ɗora launi kan launi, a waya sai ka yi ta jan hoton da yatsa biyu hannunka duk fenti.

Amma fa in faɗi gaskiya aikowa tana da ciwon kai, akwai shekarar da fitowa biyu suka ɓace min a hanya, wani kamfanin kai saƙo yace an kawo ni kuma ban ga komai ba, na yi ta kira har na gaji. Ka tabbata ka rubuta adireshin watani ɗinka (adireshin ƙasa na Saudiyya) daidai da lambar jawwal da take aiki, kuma ka sa a ranka zata riƙa zuwa a makare.

Ɗalibin Madina:
Yaya na Riyad maganarka gaskiya ce akan manhaja, shiyasa ni in akwai PDF shi nake ɗauka in ajiye a kwamfuta. Baba Abu Sadiq ƙarin bayani, sabbin wasannin manya ba sai ka biya ba, shafin Lichess kyauta ne kuma yana nuna manyan gasa kai tsaye. Abin da kake saye a mujalla shi ne sharhin, wato babban ɗan wasa ya zauna ya faɗa maka abin da yake tunani lokacin da ya yi motsin. Toh nan ne ya kamata ka duba turancin Sadiq, don sharhin New in Chess turanci ne mai ɗan nauyi. In bai kai ba akwai Chess Informant da aka fara a Belgrade a 1966, an san ta da sharhi da alamomi wanda kowa zai gane ko wane yare yake ji, sai dai ta fi dacewa da wanda ya riga ya yi nisa.

Abu Sadiq (Jidda):
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Turancinsa ba laifi, makarantarsu da shi ake koyarwa. Hajiya Ummu Hanan maganarki ce ta zauna min, don matsalar wayar nan muna fama da ita a gida dama. Inaga zan fara odar fitowa guda ɗaya ta takarda tukuna in kai istiraha daren Juma'a in ga ko yaran zasu buɗe ta da kansu ba tare da na ce komai ba, in sun yi sai in biya ta shekarar. Ɗan Riyad dan Allah in tambaye ka, naka kai tsaye daga kamfanin kake oda ko akwai shagon da ke kawowa a nan cikin Mamlaka, wato Saudiyya? Na duba shagon littattafai na Jarir na kusa da mu jiya bayan Isha ban ci karo da ita ba.