Waɗanda suka taɓa hulɗa da hukumar kula da bututun mai da gas, ku zo ku ba mu labari

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da na fara aiki a wani kamfanin bututun gas a Kanada. Jiya shugaban sashenmu ya ce hukumar makamashi ta ƙasa, wato CER, za ta zo bincike nan da wata biyu, tun daga nan ofis ya rikice, kowa na tonon tsofaffin fayiloli. Ni a zatona fita suke yi su bi layin bututu suna neman inda ke yoyo. Manya a harkar, me kuka gani da idonku?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ma da wannan zaton na fara. Bututun da ke ƙarƙashin hukumar nan ya kai kilomita 73,000 ko kusan haka, wa zai bi shi da ƙafa? Suna fita fili, musamman lokacin gini ko bayan haɗari, amma yawancin aikin a kan takarda yake. Kamfani ne ke duba bututunsa, su kuma su duba ko ka yi abin da ka rubuta da hannunka cewa za ka yi.

Nawa binciken ya zo ne tun hukumar tana amsa sunan NEB, kafin a sauya ta a 2019. Akwai na'urar da muke turawa cikin bututu ta bi ruwan mai tana auna kaurin ƙarfe, masu aikin suna ce mata alade. Ta nuna wani wuri da tsatsa ta fara ci. Mun haƙa, mun gyara, lafiya lau. Sai mai binciken, wata mata mai sanyin magana, ta ce: tsakanin ranar da rahoton ya iso da ranar da kuka haƙa akwai tazara, wa ya yanke cewa a jira, kuma da wane lissafi? Lissafin ni na yi shi, na kuma san daidai ne, amma ban ajiye shi inda ya kamata ba. Kwana uku ina haƙilo kafin na tsinto shi a tsohuwar kwamfuta. Gyaran da muka yi ko kallonsa ba ta sake yi ba.

Kuma ka sani, tun 2016 doka a can ta ɗora wa manyan kamfanonin bututun mai biyan diyyar da ta kai dala biliyan ɗaya ta Kanada idan mai ya malala, ko da ba a tabbatar da sakacinsu ba. Naku na gas ne, amma irin wannan tsananin ne ya sa ka ga ogan naku ya kasa zama.

Mai Kafa Shinge:
Ni ba injiniya ba ne, shinge nake kafa wa manoma. Dokar CER ta ce cikin mita 30 daga tsakiyar bututu ba ka haƙa ramin da ya kai santimita 30 sai da izinin kamfanin. Wani mai gona ya matsa mini, wai ga allon gargaɗi can nesa, mu yi aikinmu kawai. Na ƙi, na kira lambar da ake kira kafin haƙa. Da suka zo da na'urarsu suka kafa tutoci, ashe bututun ya karkata, ya ratsa daidai layin da zan jera turaku. Allon yana nuna akwai bututu ne a yankin, ba ya nuna inda yake kwance.

Hajiya Mai Gas:
Ku kuna maganar ƙarfe, mu namu na kuɗi ne. Ina sashen saye da sayar da gas a Amurka, hukumar kula da makamashi ta tarayya, wato FERC, ce a kanmu. Tun 1992 ta raba sufuri da ciniki: mai bututu ɗan dako ne kawai, dole ya buɗe wa kowa a kan kuɗin dakon da hukuma ta amince da shi. Idan kamfani ɗaya yana da bututu kuma yana da 'yan ciniki, ba a yarda na bututu su tsegunta wa 'yan cinikinsu abin da sauran kasuwa ba ta sani ba. A inda na fara aiki, katin shigarmu ba ya ma buɗe ƙofar hawansu.

Bayan murɗiyar farashin da kamfanin makamashi na Enron ya yi a rikicin wutar lantarkin jihar Kalifoniya, dokar 2005 ta ba FERC ikon cin tarar dala miliyan ɗaya a kowace rana kan murɗiyar farashi. A 2013 bankin JPMorgan ya biya dala miliyan 410 kan cinikin wutar lantarki. Ni kuwa wata raha na taɓa rubuta wa abokin aiki, na ce yau sai mun girgiza kasuwa. Washegari ina gaban lauyan kamfani ina bayanin cewa wasa nake yi.

Ɗan Ɗakin Sarrafa Bututu:
Hajiya, ƙarin bayani ga masu karatu: a Amurka lafiyar bututu ba hurumin FERC ba ce, ta wata hukuma ce mai suna PHMSA da ke ƙarƙashin ma'aikatar sufuri. A horonmu kullum sai an kawo malalar man da ta shiga kogin Kalamazoo na Amurka a 2010, inda ƙararrawa ta yi ta kaɗawa aka ɗauka ba yoyo ba ne, har aka shafe sa'o'i 17. Yanzu in na yi shakka rufe bututun nake yi, a yi mini faɗan daga baya.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri. Yallabai Injiniya, in sun zaunar da ni, me zan shirya?

Tsohon Injiniya:
Ka karanta kundin tsarin aikin sashenku, don daga cikinsa za su ciro tambayoyi. Ka tabbatar takardun horonka suna cikin fayil da kwanan watansu. In aka tambaye ka abin da ya faru kafin zuwanka, ka nuna musu wanda yake nan a lokacin. Turo mini jerin takardun da suka nema in duba maka a ƙarshen mako.