Musayar Waƙa: Wayon Ruwa da Wayon Tudu

Ɗan Su na Yawuri:
Assalamu alaikum. Jiya a majalisa aka ce kifi ba shi da wayo, tunda kullum shi ke faɗawa koma. Maganar ta tsaya min a rai. Mai mayarwa ya riƙe amsa-amon "wa".

Da sunan Allah nake farawa,
Mai halittar tudu da ruwa.

Masu zagin kifi da wauta,
Ku zo Kwara ku ga mai baiwa.

Ɗan kifi ne mai doguwar haɓa,
Sai ka ce aron hancin giwa.

In ruwa ya gurɓace da laka,
Ido ya gaza wajen dubawa,

Lantarki yake saki kaɗan-kaɗan,
Da shi yake lalube da ganewa.

Iskar da jininsa ke ɗauka,
Fiye da rabi na ƙwaƙwalwa.

Mu ɗaya bisa biyar muke ba tamu,
Shi ya fi mu iya ciyarwa.

Ku haura teku can Ostareliya,
Dolfin na kiwo da garkuwa.

Soson teku take sawa a baki,
Ta tono yashi babu gurjewa.

Kowacce da fitonta na suna,
Da shi ake kira ana amsawa.

Baffa na Yankari:
Wa alaikumus salam, ɗana. Waƙarka ta yi daɗi, amma ka taɓo mutanena.

Haɓar kifinka kama ce kurum,
Mai hancin na nan cikin dawa.

Na tashi ina ganin sawunsu,
Bakin Gaji, lokacin ƙishirwa.

Ba toro ne ke jan garke ba,
Ragama na hannun tsohuwa.

Ita ta san kwarin da ruwa ya saura,
A shekarar fari da yunwa.

A Amboseli ta ƙasar Kenya,
Tun 1972 ake bi ana rubutawa.

Garken da babba take ja ya fi sanin
Muryar baƙuwa da ta ƙawa.

A 2006 can Amurka,
An shafa alama a kan wata giwa,

Ta dubi madubi ta gane kanta,
Ta kai hanci tana taɓawa.

Ga birin cimfanzi na dajin Gombe,
Ta Tanzaniya, ba ta Arewa.

A 1960 Jane Goodall ta gan shi,
Da tsinke a suri yana zurawa.

Ya zaro gara ya kai bakinsa,
Ɗana, wannan ai su ne ba ruwa!

Ɗan Maraɗi:
Ku ba ni wuri in sa baki, don kun manta da na sama.

Hankaka a Oxford ta Ingila,
2002, ba mai nunawa,

Ta sami waya miƙaƙƙiya,
Ta yi ƙugiya da lanƙwasawa.

Ta jawo abinci daga bututu,
Da ɗan kanta ƙarami, ba yawa.

Malamar Zariya:
Barkanku. Wannan darasin nake koyarwa, kuma duk sanda na karanta binciken masana a kan tsoffin ƙasusuwa sai in ƙara ganin ikon Allah. Yaya Ɗan Su, zan karɓe maka shaida guda, in ba ka wadda ta fi ta.

Yaya, dolfin ba kifi ba ce,
Huhu gare ta, tana shayarwa.

An tono ƙashi a Pakistan,
Shekara miliyan 50 da binnewa.

Mai ƙafa huɗu ne, ɗan bakin rafi,
Ƙashin kunne ya nuna dangantuwa.

Daga tudu kakanta ya gangara,
Zuriyarsa ta zauna a ruwa.

Danginta na kusa da ke raye,
Dorina ce, mai kifar da jirgin ruwa.

To ga ɗan asalin teku na ba ka,
Okitofas, mai takwas ɗin hannuwa.

Ba ƙashi gare shi ba, ba ƙaya,
Danginsa katantanwa.

Reshensa da na masu ƙashin baya,
Sun haura miliyan 500 da rabuwa.

Don haka wayonsa ba gadonsu ba ne,
Daban ya tsiro da tasa saiwa.

Ƙwayoyin jijiya miliyan 500,
Biyu bisa uku suna hannuwa.

Hannu ya taɓa, ya ɗanɗana, ya zaɓa,
Ba ya jiran kai da umartawa.

Zuciya uku, jini kuma shuɗi,
Fata mai launi tana sauyawa.

A 2009 aka ba da labarinsa,
A Indunusiya, da ɓawon kwakwa.

Yana tafe ɗauke da shi ƙarƙashinsa,
In ya ji tsoro ya shige ya yi rufewa.

Baffa na Yankari:
Malama, 'yata, Allah ya ƙara ilimi. Abu guda nake so ki warware min.

In wayonsa ya kai yadda kika ce,
Ina garkensa, ina jagorantawa?

Ina babba da za ta tuna musu
Hanyar da aka bi shekarun tuntuni da wucewa?

Malamar Zariya:
Baffa, ka taɓa inda ke min ciwo.

Yawancinsu shekara ɗaya zuwa biyu,
Daga nan sai ranar mutuwa.

Uwa ta yi ƙwai ta zauna gadi,
Ta bar farauta, tana ramewa.

Tana fifita su da ruwa mai tsabta,
Tana share datti da kulawa.

A zurfin tekun Kalifoniya,
Wata ta yi wata 53 tana tsarewa.

Ran da 'ya'ya suka fasa ƙwansu,
Ita kwananta na ƙarewa.

Ba ta ce musu ga abin gudu ba,
Ba ta nuna wurin fakewa.

Dolfin kuwa 'ya na bin uwarta,
Shekaru uku ko fi tana tsotsawa.

Dabarar soso daga nan take ɗauka,
Ta girma ita ma ta yi koyarwa.

Ɗan Su na Yawuri:
Malama, na sallama dolfin ga Baffa, tunda dangin dorina ce. Amma maraya na riƙe shi, nawa ne.

Ni babana ya riƙe hannuna,
Ran da na fara jefa birgi a ruwa.

Ya nuna min inda dorina ke kwana,
Ya ce nan ba wurin ratsawa.

Shi ko wannan ya fito ƙanƙani,
Igiyar teku na ta ɗibarwa.

Ba uwa, ba kaka, ba maƙwabci,
Manyan kifaye na ta zagawa.

Shi kaɗai ya tsinci ɓawon nan a yashi,
Ya juya shi, ya gwada shigewa.

Ya ɗauko na biyu ya haɗa da na farko,
Ya ja su ya rufe, yana leƙowa.